Dala Ashirin, Amma An Rubuta 100

A Nijar, kuɗin da aka buga wa lamba 100 a jiki ba wanda ke kiransa ɗari. Sunansa dala ashirin. Mai lamba 500 shi ne ɗari, takardar 1000 kuma jika ce, wato dala ɗari biyu. Dala ɗaya tamma biyar ce, kuma da ita ake ciniki tun daga Kasuwar Dole ta Damagaram har Maraɗi da Tawa. Baƙon da ya zo daga Kano ko Katsina yakan sha fama a kwanakinsa na farko. A ce masa "hamsin", ya miƙa ƙwandala mai lamba 50, mai kaya ya dube shi ya yi murmushi, don 250 yake nufi. Amma yaron da ya tashi a nan bai san ma akwai wata wahala a ciki ba. A aike shi kantin magani a faɗa masa farashi da Faransanci, kafin ya iso gida ya juya shi zuwa dala ya faɗa wa uwarsa. Raba lamba gida biyar ke nan, ba alli ba allo.

Wannan yaron ne kuma za ka tarar a aji an rubuta masa sifiri da jan biro, ana cewa ba shi da kan lissafi.

Shekara tara na yi ina koyarwa a firamare a matsayin malamin kwantaragi, rabinsu a ajin zana, kuma na ji kalmar nan ta "ba shi da kai" daga bakin malamai da iyaye har da yaran kansu. Alƙaluma ma kamar suna goyon bayanta. A gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, cikin yaranmu da ke ajin ƙarshe na firamare ko ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake buƙata a lissafi ba. A na 2019 an ɗan matsa, an kai ɗan fiye da ɗaya cikin biyar. To ina lissafin kasuwar nan yake zuwa idan yaro ya tsallaka ƙofar aji? A bakin ƙofa yake tuɓe shi tare da takalmi?

Ba mu ne muka fara yin wannan tambaya ba. Tun a 1967 John Gay da Michael Cole suka fitar da littafi a kan ƙabilar Kpelle ta Laberiya, inda aka yi ta kukan cewa yaransu ba sa gane sabon lissafin boko. Da aka zuba shinkafa a kwano aka ce a ƙiyasta gwangwani nawa ce, manoman Kpelle sun fi Amurkawa masu ilimi dacewa. Duk wanda ya taɓa ganin mai awo ta dubi tarin hatsi ta ce tiya kaza ne, aka auna aka tarar haka, ba zai yi mamaki ba.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Resife, wani birni a arewa maso gabashin Barazil. Masana uku, Terezinha Nunes Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, suka buga shi a 1985. Dabararsu ba ta da wuya. Suka je wurin yara masu sayar da kwakwa da lemo da makamantansu a bakin titi, suka yi ciniki kamar kowane mai saye: wannan nawa, in na ɗauki huɗu fa, ga kuɗi ba ni canji. Daga baya suka koma wurin yaran da takarda da fensir, suka ba su lissafin nan dai da suka riga suka yi a wurin ciniki, lambobin ba su canja ba. A wurin ciniki yaran sun dace a kashi 98 cikin ɗari. Da aka ba su tambayoyin cikin ɗan labari, suka sauko zuwa kusan 74. Da aka ba su lambobi tsirara kamar yadda ake rubutawa a allo, sai 37.

Akwai wani ɗan shekara 12 a cikinsu mai sayar da kwakwa, guda a kan kuruzairo 35. Aka ce masa huɗu ake so. Ya san uku 105 ne, ya ɗora 30 ya kai 135, ya cika da 5 ɗin da ta rage, ya ce 140. Da aka rubuta masa 35 sau 4 a takarda, ya bi hanyar makaranta: huɗu sau biyar ashirin, ya rubuta sifiri ya riƙe biyu. Sai ya haɗa biyun da uku tun kafin ya ninka, ya sami biyar, ya ninka da huɗu. Ya rubuta 200, kuma bai ji komai ya dame shi ba. Yara biyar kacal aka yi wannan bincike da su, ƴan shekara 9 zuwa 15, don haka mai shakka yana da hujjar yin shakka. Zan dawo kan wannan.

Ni dai na ga irinsa a cikin gidanmu. Yayata tana soya ƙosai da safe a unguwar Zango, ɗiyarta ƴar shekara goma sha ɗaya ce ke kai shi tasha kafin ta wuce makaranta. Yarinyar ta maimaita aji huɗu, lissafi ne ya kayar da ita, uban kuma ya ce kanta ba ya ɗaukar boko, gara ta zauna ta taimaki uwarta gaba ɗaya. Yayata ta aiko a kira ni. Ta ce, "Kai da kake malami, zo ka duba mini ita, in da gaske ne ba ta da kai in haƙura."

Ban ce mata gwaji zan yi ba. Na zauna a bakin murhu na ce, "Ɗiyata, ƙosai sha uku nawa ke nan?" Guda dala biyar ake sayarwa.

Ba ta ko ɗaga kai daga tire ba. "Goma hamsin ne, uku sha biyar. Sittin da biyar, Kawu."

Na miƙa mata jika. Ta kwance bakin zane tana zuba mini a tafin hannu tana faɗi: "Sittin da biyar. Ga biyar, saba'in. Ga goma, tamanin. Ga ashirin, ɗari. Ga ɗari, jika ta cika."

Canjina dala ɗari da talatin da biyar, ba ragi ba ƙari. Bayan mun karya, na ɗauki littafinta na rubuta 200 a sama, 65 a ƙasa, na ja layi, na sa alamar ɗebewa. Nan take jikinta ya canja. Ta gyara zama, ta sa fensir a baki, ta daɗe. Sannan ta rubuta 265.

Na ce, "In na ba ki ɗari biyu na sayi kayan sittin da biyar, ɗari biyu da sittin da biyar za ki maido mini?"

Ta ƙyalƙyale da dariya tana rufe baki da gefen hijabi. "Haba Kawu, ai da jarin Inna ya karye."

"To me ya sa kika rubuta haka?"

"Ai wannan na makaranta ne."

Amsarta ta 265 ba kame-kame ba ce, akwai doka a cikinta. An faɗa mata ba a cire babba daga ƙarami, don haka a kowane layi sai ta cire ƙaramin daga babban, ko wanne ne a sama: biyar a cire sifiri biyar, shida a cire sifiri shida, a sauko da biyu. John Seely Brown da Richard Burton sun nuna tun a 1978 a Amurka cewa da yawa daga kurakuran yara a ɗebewa irin wannan ne, wato yaro na bin wata hanya tasa mai tsari, sai dai akwai wurin da ta karkace, kuma wannan na cire ƙarami daga babba yana cikin waɗanda aka fi sani. Malamin da ya sa jan biro ya wuce bai ga hanyar ba, sifiri kawai ya gani. Washegari yaro zai sake bin ta, da ƙarin tsoro.

Bambancin lissafin biyu a bayyane yake in aka dube su kusa da juna. A bakin tire ɗiyata da kuɗi take aiki, kuma girmansu bai taɓa ɓace mata ba. Daga babban kaso take farawa, goma tukuna sannan uku. Wurin canji ba ta ɗebewa sam, hawa take yi daga farashi zuwa abin da aka ba ta, tana tsayawa a lambobi masu daɗin riƙewa, saba'in, tamanin, ɗari. In ta karkace za ta ji a jikinta, in ma ba ta ji ba mai saye zai ji. A takarda kuwa an koya mata ta fara daga dama, daga mafi ƙanƙanta, ta ɗauki kowane layi shi kaɗai kamar bai san maƙwabcinsa ba. Shidan da ke cikin 65 ya daina zama sittin, ya koma shida kawai. Da zarar lamba ta rabu da girmanta, ba abin da zai yi wa yaro tsawa idan amsa ta fi abin da aka fara da shi.

"Wannan na makaranta ne" kuma magana ce da masu bincike a Faransa suka daɗe da sani. Wajen 1980 wasu malaman cibiyar binciken koyar da lissafi ta Girenobil suka ba yaran aji biyu da uku na firamare wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Cikin yara 97, guda 76 suka haɗa lambobin suka ba da amsa. Stella Baruk ta sa wa littafinta na 1985 sunan wannan tambaya. Guy Brousseau kuma ya bayyana irin wannan hali da cewa akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin malami da ɗalibi: duk tambayar da malam ya yi tana da amsa, amsar lamba ce, kuma daga lambobin da ya bayar za ta fito.

Na taɓa gwada ta a ajina, na mai da matuƙin jirgi makiyayi. Na faɗe ta da Faransanci kamar kowane darasi, na buga tebur, alluna suka tashi sama. Mafi yawansu 36 ne a jiki. Da aka fita hutun tara na sami wasu daga cikinsu a gindin bishiya, na ce da Hausa, kamar hira, maƙwabcina na da tumaki ashirin da shida da awaki goma, ku faɗa mini shekarunsa. Suka dube ni suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Mushe, ai sai dai a tambaye shi." Wani ya ce a dubi furfurarsa. Yaran nan ne dai da suka ɗaga 36 minti ashirin da suka wuce.

Daga nan mutum na iya zarcewa ya ce ashe kasuwa ta fi makaranta, a bar yara su yi talla su koyi lissafin gaske. Na ji masu faɗin haka, wasunsu da digiri, kuma ba ɗaya cikinsu da ya ɗora wa ɗansa tire. Binciken da ya rufe wannan ƙofa ya fito a mujallar Nature a 2025, daga wata tawaga da ta haɗa da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, da Elizabeth Spelke. Ba yara biyar ba ne wannan karon. Yara 1,436 ne masu aiki a kasuwannin Kalkata da Delhi a Indiya. Kusan dukansu suna yin lissafi mai sarƙaƙiya daidai a wurin ciniki, kuma an tabbatar ba hadda ba ce. Amma da aka ba su wanda bai kai shi wuya ba a rubuce irin na makaranta, suka kasa. Sannan aka juya aka gwada ɗalibai 471 na makarantun kusa waɗanda ba su taɓa sayar da komai ba. Su sun fi iya na takarda. Amma wata tambayar ciniki da fiye da kashi ɗaya cikin uku na yaran kasuwa suka warware, kashi 1 cikin ɗari na ƴan makarantar ne suka iya.

Wato kowane ɓangare a ɗakinsa yake a kulle. Na kasuwa bai bi yaro zuwa aji ba, na aji bai bi shi zuwa kasuwa ba. Kuma lissafin tire, duk da kaifinsa, yana da iyaka. Yana tafiya lafiya muddin lambobin sanannu ne, biyar-biyar, goma-goma. Ba zai kai ɗiyata ga auna maganin yaro gwargwadon nauyinsa ba, ko gane kashi nawa cikin ɗari aka ɗora mata a bashi, balle jarrabawar shiga makarantar ungozoma da take cewa tana so. Malaman da ke rabon gado a zaure, masu fitar da sumuni da sudusi da sulusi daga dukiya ɗaya ba tare da an cuci kowa ba, zama suka yi gaban wani malami suka koyi ƙa'ida. Hanyar rubutu an ƙirƙiro ta ne don ta ɗauki abin da kai ba zai iya riƙewa ba, kuma yaron da aka hana ta an rufe masa ƙofofi da yawa.

Sai maganar harshe, wadda a nan ƙasar ba a taɓa ta ba tare da murya ta tashi ba. Gaskiya ne Faransanci na ƙara wa yaro kaya. Casa'in da bakwai a Faransanci quatre-vingt-dix-sept ne, wato huɗu, ashirin, goma, bakwai. Na sha ganin yaro ya rubuta 42017 ko 8017 a shifta, kuma abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Tsofaffinmu a wasu ƙauyuka kuwa har yanzu gomiya bakwai, gomiya tara suke cewa, ƙirgar da ta buɗe cikinta kowa na ganin gomomin da ke ciki. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a nan Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ina cikin masu son yaro ya fara ƙirga da harshen da yake mafarki da shi.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba. Yaran Resife da harshen Fotugal suke ciniki, da shi kuma ake koya musu a makaranta, duk da haka daga 98 suka faɗo 37. In aka ɗauki darasin nan na fara daga dama, ara ɗaya, riƙe biyu, aka juya shi zuwa Hausa kalma da kalma, 265 za ta sake fitowa, da Hausa wannan karon. Mu kuma muna da wani tarko namu na daban. Littafi ya ce kuɗin sabulu 250, malam ya karanta da Hausa ya ce ɗari biyu da hamsin, yaro ya ji kuɗin da ya haura jika, ya ce a ransa wannan sabulu na makaranta ne. Duk mai rubuta littafin lissafi da Hausa a ƙasar nan dole ya tsaya ya fuskanci dala, ya yanke yadda zai yi da ita tun a shafin farko. Ni a ganina alheri ce aka ajiye mana a ƙofar aji. Jadawalin biyar gaba ɗayansa yana cikin aljihun yaro, ga ninkawa ga rabawa, ga ma'anar cewa abu ɗaya na iya amsa suna biyu gwargwadon ma'aunin da aka ɗauka.

Abin da na yi da ɗiyata a hutun damina bai fi ƙarfin kowa ba. Kullum bayan la'asar sai in ba ta ciniki da baki, ta ba ni amsa, sannan in ce ta faɗa mini yadda ta yi, ni kuma ina rubuta maganarta da lambobi a gabanta. "Goma hamsin, uku sha biyar" ya zama 10 × 5 = 50, 3 × 5 = 15, 50 + 15 = 65. Ranar farko ta daɗe tana kallon takardar, ta ce, "Kawu, wannan ma lissafi ne?" Na ce shi ne ma wanda za a koya miki a kwaleji da haruffa, a ce a buɗe baka. Hawan da take yi wurin canji muka zana shi a kan layi, tsalle huɗu daga 65 zuwa 200. Muka kafa doka ɗaya: kafin fensir ya taɓa takarda sai ta faɗi wajen nawa amsar za ta kai, ta fi ɗari ko ba ta kai ba. Sai a mako na uku muka koma kan aro, da kuɗi a kan tabarma, ta canja ɗari ɗaya zuwa goma-goma da hannunta kafin ta soke lamba a takarda. Aron da ake ce mata ta yi daga maƙwabci, ashe canji ne, abin da take yi sau talatin kowace safiya.

Na san abin da abokan aikina za su ce, don na tsaya inda suke tsaye. Yarinya ɗaya ce a kan tabarma, ga kawunta, ga lokaci. Aji mai yara tamanin fa, da manhajar da dole a gama kafin mai duba malamai ya zo, da albashin da ke makara? Ba wanda zai saurari hanyar kowane yaro. Haka ne. Amma yaro biyu a kowane darasi su tashi su faɗi yadda suka yi, malam ya rubuta a allo kusa da hanyar littafi, minti biyar ne. Tambayar "wajen nawa za ta kai?" kafin a ɗaga alluna ba ta cin ko tamma. Abin da ya fi wuya shi ne malamin ya yarda cewa ƴar tallan da ke gyangyaɗi a layin baya ta shigo da wani abu da ya cancanci alli, domin shi ma da aka koya masa, ba wanda ya tambaye shi abin da ya zo da shi daga gida.

Da hutu ya ƙare na sami uban a shagonsa na nuna masa littafin. Ya juya shafukan a hankali, ya ba ta ɗebewa biyu da kansa daga cikin littafin bashin shago, ta yi su a rubuce, ɗaya daidai, ɗaya ta kuskure ta gano da kanta ta gyara. Rabawa mai dogon layi har yanzu tana ba ta wuya, Faransancin tambayoyin ma haka. Ya ce shekara ɗaya ya ƙara mata, in ta sake faɗuwa magana ta ƙare. An koma makaranta a watan Oktoba, kuma har yanzu ita ke kai ƙosai tasha kafin ƙarfe takwas.